Darasin Lambu: Furen Farko da Rumfar Reno

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan karo a kan fure ne. Mun san waɗansu za su ce, "Fure kuma? Ai wannan aikin masu ƙawata ƙofar gida ne a birni." To, a dakata tukuna. Duk tumatir ɗin da ya shiga kwando da fure ya fara. Haka tattasai, haka kabewa, haka mangwaro, haka kalwar da ake yin daddawa da ita. In fure ya zube, wahalar gyaran fili da ta ban ruwa da kuɗin taki duk sun bi shi ƙasa.

Abin da muke so kowace ƙungiya ta riƙe shi ne wannan: akwai lokacin da fure yake kamawa ya zama 'ya'ya, akwai kuma lokacin da ba zai kama ba ko an yi masa me. Saboda haka mai lambu yana fara lissafi daga watan da yake so shukarsa ta yi fure, sa'an nan ya ƙirga baya zuwa ranar da zai zuba iri.

Lissafin tumatir

Bari mu ɗauki tumatir, da yake kusan kowane gida yana da shi a garka ko a fadama. Furen tumatir yana son dare mai sanyi-sanyi, wajen digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin zafi, da rana wadda ba ta kai digiri 30 ba. In zafin rana ya wuce digiri 32 kwana da kwanaki, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin da ke cikin furen yakan lalace. Sai a ga ɗan ƙashin da ke riƙe furen ya yi ruwan ɗorawa, bayan kwana biyu ko uku furen ya faɗi. Shukar tana nan kore shar, amma babu ɗa.

Yanzu mu duba yanayin ƙasarmu. A wajajen Kano da Katsina da Bauchi, dare yakan fara sanyi a watan Nuwamba, ya yi ta sanyi har cikin Fabrairu. Daga Maris zafi yake tashi. A watan Afrilu rana takan kai digiri 38 ko 40, dare kuma ba ya sauka ƙasa da 24 sosai. Ke nan ƙofar furen tumatir tana buɗe daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wata huɗu kacal. Shi ya sa tumatir ɗin rani na Kadawa da sauran filayen da ke shan ruwan madatsar Tiga yake cika kasuwa daga Janairu zuwa Maris, sa'an nan ya yi wuya.

Ga yadda kwanakin suke tafiya. Iri yakan yi mako 4 zuwa 5 a wurin reno kafin ya isa dashe. Bayan dashe, sai an yi wajen mako 4 ko 5 kafin furen farko ya buɗe. Daga fure zuwa jan tumatir kuma mako 6 zuwa 8 ne. Duka-duka wajen wata uku da rabi zuwa huɗu ke nan. Wanda ya zuba iri a farkon Satumba zai dasa a farkon Oktoba, ya ga fure a Nuwamba, ya fara tsinka a tsakiyar Disamba. Zai samu kasuwar Kirsimeti da ta sabuwar shekara tun kwanduna ba su yi yawa ba. Wanda kuwa ya jira sai ya gama sussuka da kai dawa rumbu, ya zuba irinsa a tsakiyar Janairu, zai dasa a ƙarshen Fabrairu, furensa ya fito a ƙarshen Maris, daidai bakin zafi. Irin nan ɗaya ne, ko Roma ko UC82B, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Ranar zuba iri ce kawai ta raba su.

Tattasai da attaruhu su ma suna zubar da fure saboda zafi, kuma sun fi tumatir daɗewa a wurin reno, mako 6 zuwa 8. Su ya kamata a fara zubawa.

'Yan'uwanmu na kan tsaunin Jos da Mambila, lissafinku daban yake. Zafi ba ya cika damunku. Abin da zai dame ku sanyin Disamba da Janairu ne, don in dare ya sauka ƙasa da digiri 13 furen tumatir ba ya kamawa da kyau, kuma a can dare yakan sauka ƙasa da haka.

Dalilin rumfa

Wani zai ce, "Malam, a farkon Satumba ai ruwa bai ɗauke ba. In na zuba iri a fili, ruwan sama zai kwashe shi, abin da ya tsiro kuma ya ruɓe." Gaskiya ne, kuma a nan rumfar reno take shigowa.

Kun ga hotunan ɗakunan gilashi na ƙasashen Turai, inda ake noman tumatir da furanni ƙanƙara tana zuba a waje. Su ɗumi suke nema. Gilashi ko leda yana barin hasken rana ya shiga, ya kuma tsare zafin a ciki. Mu kuwa zafi ba ya yi mana kaɗan. In mutum ya rufe ɗaki ruf da leda a watan Maris a ƙasar Zazzau, tanda ya gina wa shukarsa. Abin da muke nema daga rumfa abu uku ne: ta tare dukan ruwan sama, ta rage ƙunar rana a kan ƙananan tsirrai, ta kuma hana ƙwari da kaji. Don haka rumfarmu rufi ce a sama, gefenta a buɗe don iska ta ratsa. Kada ƙungiya ta ci bashi don sayen ɗakin ƙarfe da leda alhali ba ta taɓa gwada renon iri a ƙarƙashin gora da ciyawa ba.

A zaɓi wuri mai ɗan tudu kusa da rijiya, inda ruwa ba ya kwanciya, kuma inda ba a noma tumatir ko tattasai ko gauta ko dankalin Turawa bara ba, don cututtukansu ɗaya ne kuma suna zama a ƙasa. A ɗaga fangali ya kai tsayin santimita 15 zuwa 20. Faɗinsa kada ya wuce mita 1, domin hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. Tsawo kuwa gwargwadon bukata. A gauraya ƙasar da takin da ya ruɓe sarai da ɗan yashi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, a nisance shi. Kafin zuba iri, a shimfiɗa kara ko busasshiyar ciyawa a kan fangalin a cinna wuta, a bar shi ya huce. Wannan yana kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cutar da ke sa tsiro ya ruɓe daga gindi ya kwanta.

Sai a kafa sanduna, na gaba su fi na baya tsawo kaɗan don ruwa ya gangara, kamar mita 1 da rabi a gaba da mita 1 a baya. In akwai farar leda mai barin haske a ɗaura ta a sama. In babu, siririn rufin ciyawa ko asabari ya isa, muddin yana barin haske ya ɗiɗɗiga. Rufi mai duhu yana sa tsiro ya yi dogon wuya, ya yi fari, ya rasa ƙarfi, irin wannan kuwa yakan makara wajen fure.

A ja layi da ɗan tsinke, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin layi da layi, zurfin santimita 1. A zuba iri sama-sama. Giram 1 na irin tumatir yana da ƙwaya wajen 300, saboda haka ɗan ƙullin giram 10 ya ishi gidaje da yawa. Yawancinmu mukan cika hannu, tsirrai su fito kamar gashin kai, su shaƙe juna. A rufe layin da ƙasa mai laushi, a ɗora ciyawa kaɗan, a ba da ruwa da buta mai ƙananan huji. Da zarar tsiro ya leƙo, wajen kwana 5 zuwa 7, a janye ciyawar, a kuma cire na cunkoso.

Game da ƙwari, ba mu manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Filato, har gwamnatin jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu na wannan shekara. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake. Uwar wata 'yar ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai tashi da dare, tana saka ƙwai a ganye, tsutsar ta shige cikin ganyen tana ci daga ciki. Sau da yawa tun daga wurin reno ake ɗauko ta a kai gona. Tsohon gidan sauro da aka ɗinke hujinsa, in an kewaye rumfa da shi aka danne bakinsa da ƙasa, yana rage ta ƙwarai, yana kuma hana fara da kaji. Mun ce tsoho. Kada a kwance wanda yara suke kwana a ciki saboda tumatir. Shi farin ƙudan nan ɗan mitsitsi, mai kawo cutar da ke nannaɗe ganye, yana iya ratsa gidan sauro, sai raga mai ƙananan ido wadda masu sayar da kayan gona suke kawowa.

A makon ƙarshe kafin dashe, a riƙa yaye rufin da safe, kullum ana ƙara lokaci, a kuma rage ruwa. Tsiron da aka cire daga inuwa kai tsaye aka kai shi rana yakan yi mako biyu yana jinya, wannan mako biyun kuwa daga cikin kwanakin sanyi aka cire shi. A yi dashe da yamma, a ɗauko kowane tsiro da ƙasar gindinsa.

Abin da ke zubar da fure ban da zafi

Na ɗaya takin yuriya. Muna sonsa don yana sa ganye ya yi kore nan da nan, mai wucewa ya yaba. Amma in ya yi yawa kafin fure, shuka takan zuba ƙarfinta duka a ganye, fure ya makara ko ya kakkaɓe. A sa takin gargajiya da NPK lokacin dashe ko jim kaɗan bayansa, a ajiye yuriya sai an ga 'ya'ya sun ƙulla, shi ma kaɗan.

Na biyu ban ruwa na ganin dama. Yau a cika fangali ya yi tafki, sai kuma a bar shi kwana shida ƙasa ta tsattsage. Fure ba ya jure wannan, kuma shi ne yake kawo baƙin tabon nan a ƙasan tumatir. Gara ruwa daidai a kan lokaci, a kuma lulluɓe gindin shuka da ciyawa.

Na uku ya shafi masu noma a cikin ɗakin leda ko na raga, irin waɗanda ake gani a kewayen Jos. Furen tumatir yana da namiji da mace a cikinsa, amma garin ba ya sauka sai an girgiza furen. A fili iska tana yin wannan aiki. A cikin ɗaki babu iska. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 manoman Beljiyam da Holan suke kiwon wani babban ƙudan zuma mai gashi, suna sa shi cikin ɗakunan gilashi don wannan aiki kaɗai. Mu hannu ya ishe mu. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe, a bi layi ana ɗan bubbuga sanda ko igiyar da aka ɗaure shukar, sau uku a mako. Yaro ma zai iya.

Namiji da mace

Kabewa da kankana da kokwamba, nasu sha'anin daban ne. Furen namiji daban, na mace daban, a jikin yaɗo ɗaya. Namiji ne yake fara fitowa, wani lokaci da mako guda ko biyu, ya buɗe da safe ya faɗi da yamma. Mai lambun da bai sani ba sai ya ce irin ba shi da kyau, ko ya ɗauko magani ya yi feshi. Babu abin da ya same ta. A duba ƙasan furen: na mace yana da 'yar gunda, kamar ƙaramar kabewa, na namiji kuwa siririn tsinke ne kawai. In furen mace ya fito amma gundar tana yanƙwanewa tana faɗuwa, garin namiji ne bai iso ba, wato ƙudan zuma ya yi ƙaranci. Da sassafe a tsinki furen namiji, a cire ganyen furen, a goga tsakiyarsa a tsakiyar furen mace. Namiji ɗaya ya isa mata biyu ko uku.

Gwanda kuma bishiya guda ce take zama namiji, wata mace, wata ta haɗa duka biyu, ba a kuwa ganewa sai ta yi fure, bayan wata 4 zuwa 6. Furen namiji yana zuwa da yawa a kan dogon reshe mai lilo. Na mace babba ne, yana manne a jikin bishiyar. Shi ya sa muke cewa a dasa uku a rami ɗaya, in sun nuna kansu a bar mace mai ƙarfi, a sare sauran. Amma kada a sare mazan duka. A bar ɗaya ga kowace mace goma.

Itatuwan da suke riga kowa

Ƙudan zuman da zai yi mana aiki a lambu yana bukatar abinci tun kafin kabewarmu ta yi fure. A cikin rani, lokacin da ciyawa ta bushe, itatuwa ne suke riƙe shi. Gawo yana farawa da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin da yake fitar da sabon ganye. Gurjiya mai jan fure da rimi suna biyo baya cikin hunturu, ba ganye a jikinsu. Kaɗanya da mangwaro suna fure daga Disamba zuwa Fabrairu ko Maris. Ɗorawa tana rataye jajayen ƙwallayenta a Fabrairu da Maris, jemagu suna sha da dare, ƙudan zuma da asuba. Darbejiya tana cika gari da ƙamshi gab da bazara. Garin da ya sare waɗannan ya yi gawayi, ƙudan zumansa yakan yi ƙaura.

Babban abokin gaban wannan fure shi ne wutar daji ta Janairu zuwa Maris. Ciyawa ta bushe ƙayau, harshen wuta yana kaiwa rassa, furen kaɗanya da na ɗorawa su ƙone cikin sa'a guda saboda farautar gafiya. Matan da suke dogara ga man kaɗe da daddawa su ne suke biyan kuɗin wannan farauta. A share kewayen kowace bishiya mai amfani tun a watan Nuwamba.

Mangwaron gida yana bukatar bushewa da sanyin hunturu kafin ya yi fure. Babbar bishiyar da ake kwarara wa ruwan wanke-wanke da taki a Oktoba da Nuwamba takan fitar da sabon ganye maimakon fure. A bar ta ta ji ƙishi, sai 'ya'ya sun ƙulla a koma ba ta ruwa. Kada kuma a firgita da ganin fure yana zuba a ƙasa, don cikin ɗaruruwan furannin da ke kan reshe guda ƙalilan ne suke zama mangwaro. Ƙaramin mangwaro mai aure yakan yi gaggawar fure tun bai kai ƙirjin mutum ba. A tsinke furen a shekara biyun farko, ko da yake da ciwo a rai, don bishiyar ta yi jiki.

In feshi ya zama dole a lambu, a yi shi da yamma lis, bayan ƙudan zuma ya koma gida, kada kuma a fesa a kan buɗaɗɗen fure. A ajiye tsohuwar tukunya da ruwa a inuwa, a jefa karare a ciki don ƙudan ya samu wurin sauka.

Furannin ado

Ba mu raina su ba. Matan zumunta da suke ƙawata majami'a ran Lahadi da ran biki za su iya renon nasu a gefen rumfar nan. Wanda muka fi ba da shawara shi ne marigol, ɗan gajeren nan mai ruwan ɗorawa da wari mai ƙarfi, wanda asalinsa daga Meksiko ne. Yana fure cikin mako 7 ko 8, irinsa kuma yana da sauƙin tarawa. Saiwarsa tana rage tsutsar ƙasa wadda ido ba ya gani, mai sa saiwar tumatir da ta kuɓewa ta yi ƙulu-ƙulu. Amma ɗaya a nan ɗaya a can ba ya yin wannan aiki. Sai an cika fangalin da shi wata biyu zuwa uku, sa'an nan a dasa tumatir a wurin. Albasar kwaɗi mai farin fure da jan zane, wadda take fitowa da ruwan farko, da ƙariya mai fure cikin rani, duka suna da kyau a bakin danga, amma duka biyun dafi ne. A nisanta su daga wurin wasan yara da turken awaki.

Aikin taro mai zuwa

Rumfa ɗaya ta ishi ƙungiya guda, in an raba kwanakin ban ruwa aka rubuta sunan mai kowace rana. A taronku na gaba, magatakarda ya zo da kalanda. Kowane mamba ya faɗi watan da tumatir ɗinsa ya yi fure bara da abin da ya tsinka. Sa'an nan ku sa ranar zuba iri, ku ƙirga mako biyu baya ku sa ranar saran gora da ɗaga fangali, ku kuma naɗa mutum biyu da za su je sayen iri tun cikin watan Agusta, su duba ranar da aka rubuta a jikin ƙullin kafin su biya.